Kafin A Jefar Da Cok: Yadda Ake Gano Ciwon Fitilar Rainon Shuka A Zafin Illela

Kwana biyu zuwa uku na duhu sun isa su ɓata irin tumatir da bai daɗe da tsirowa ba. Karan sai ya miƙe siriri yana neman haske, ganyen ya koɗe, ko an dasa shi daga baya ba ya yin ƙwari kamar ɗan'uwansa da ya ƙoshi da haske. Ga wanda ya sayi irin zamani, wanda ake ƙirga ƙwayoyinsa cikin 'yar leda, wannan asara ce ta kuɗi da ta lokacin dashe gaba ɗaya. Kuma sau da yawa abin da ya jawo ta wata 'yar na'ura ce da ke ɓoye a bayan fitila, wadda Turawa ke kira balast, masu gyaran lantarki kuma suke ce mata cok.

Noman cikin ɗaki da hasken fitila asalinsa sana'ar ƙasashen sanyi ce, irin su Holan da Kanada, inda rana ke yin rowa watanni. A Illela, garin da ke kan iyaka da Birnin Ƙonni, kilomita 80 da ɗoriya arewa da Sakkwato, rana ba ta yi wa kowa rowa. Albasar da ake nomawa a fadamun yankin da wadda ake kawowa daga Galmi ba ta taɓa neman ƙwan lantarki ba, kuma ga mafi yawan manoma rumfar raga da hasken Allah sun wadatar. Amma akwai lokacin da ɗaki ya fi fili: lokacin da ruwan Agusta ke dukan bedi, ko lokacin da farin ƙuda mai yaɗa cutar nannaɗewar ganye ya yi yawa, ko kuma a gidan da babu fili sai ɗakin ajiya. A nan ne ake rataye doguwar fitila a kan tirorin iri. Fitilar kuwa ita ce dai wadda aka saba gani a shaguna da masallatai da ɗakunan kaji, don haka duk abin da za a faɗa a nan ya shafi mai shago da mai kiwon kaji kamar yadda ya shafi mai rainon iri.

Mene ne aikin cok?

Dogon ƙwan fulorasan ba shi da zare ɗaya da ya ratsa shi kamar ƙwan da. Iska ce a cikinsa haɗe da ɗan turirin zaiba, wuta ke bi ta cikinta daga wannan baki zuwa wancan. Matsalar wannan iska ita ce ba ta san ƙoshi ba. Da zarar wuta ta kama, sai ta yi ta ƙara buɗe mata hanya har ƙwan ya ƙone cikin ƙiftawar ido. Cok shi ne linzamin. Yana taimakawa wajen bugun farko da ke tayar da ƙwan, sannan ya riƙe wutar a daidai gwargwado. Ga ƙwai mai wat 36, wanda tsawonsa ƙafa huɗu ne, gwargwadon shi ne amfiya 0.43, kuma akan ga wannan lamba a rubuce a jikin cok ɗin.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai tsohon yayi mai nauyi, wanda ba komai ba ne illa wayar tagulla da aka nannaɗe a kan ƙarfe, yana aiki tare da 'yar sitata da ake murɗawa a gefen fitila. Akwai kuma na zamani marar nauyi, mai allon lantarki a ciki, wanda ba ya buƙatar sitata kuma ba ya ƙara. Fitilar LED ma tana da nata linzamin, ana ce masa direba. Sunan ya bambanta, amma ciwonsu kusan ɗaya ne.

Abin da ke kashe su a wannan yanki

Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma da aka rufe ya fi haka. A cikin cok na zamani da direban LED akwai kafasita mai ruwa a ciki, kuma ƙa'idar da masu ƙera ta ke amfani da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon rayuwarta gida biyu. Ke nan na'urar da za ta yi shekaru a ɗaki mai sanyi tana iya gajiya cikin bazara ɗaya ko biyu idan aka cusa ta ƙarƙashin kwano ba iska. Ƙurar hunturu da ke kwanciya a kanta kuwa bargo ce take ƙara mata.

Na biyu ita kanta wutar. Layin da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a jihohin Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi bisa ƙa'ida bolt 230 ne, mai bugu 50 a daƙiƙa. To amma fitilar rainon iri tana son awa 14 zuwa 16 na haske a kullum, don haka dole janareta ko inbata su shigo cikin lissafi. Ƙaramin janareta idan aka yi masa lodi gudunsa kan ragu, bugun wutar ya faɗi ƙasa da 50, shi kuwa cok mai nauyi idan bugu ya ragu sai ya bar wuta fiye da ƙima ta wuce, ya ɗau zafi. Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta da santsi, takan sa shi ya riƙa kuka kamar ƙudan zuma. Cok na zamani kuma abin da ya fi tsoro shi ne zaburar wuta, irin wadda ke zuwa lokacin da aka sauya daga janareta zuwa layi.

Na uku kayan da aka saya ba a karanta ba. Kasuwar iyaka tana tara kaya daga ko'ina, sabo da na hannu. Idan aka ci karo da cok da aka rubuta masa bolt 120 da bugu 60, na Amurka ne, ba na nan ba, komai kyansa da arharsa. Haka kuma ba kullum ake samun madadi a kusa ba. Iyakar Illela ta kasance a rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris ɗin 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mai iri a tire ba zai jira a buɗe iyaka ba, ko a je Sakkwato a dawo. Sanin abin da ya lalace takamaimai ya fi masa amfani.

Kafin a taɓa komai

Kashe makunni bai isa ba. A gidaje da yawa an ɗora makunnin a kan wayar dawowa maimakon wayar wuta, ta yadda fitila za ta mutu amma wuta na nan kwance a cikinta. A zare fulogi daga soket, ko a sauke babban makunnin gidan, kuma idan akwai inbata a tuna cewa ita ba ruwanta da an ɗauke wuta. Sannan a gwada da mita. Ita ma mitar a fara gwada ta a soket da aka san yana da wuta, don mitar da batirinta ya mutu ta sha yi wa mutane ƙarya.

Ɗakin rainon iri ɗaki ne na ruwa. A kwashe tirorin, a sauko da fitilar, a kai ta kan busasshen tebur. Ba a aikin nan da ɗanyen hannu ko ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Sai babban tarkon, wanda ya fi kama masu ɗan sani. A cikin cok na zamani da direban LED, wutar bolt 230 idan aka miƙar da ita takan kai wajen bolt 325, kuma babbar kafasita tana iya riƙe wannan bayan an zare fulogi. Akan ga an rubuta 400V a jikinta. Ba a sauke ta da bakin sukundireba, don tartsatsin yana iya fasa ta ko ya ƙona layin allon. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa ƙafafunta biyu da ƙwan fitila na da, mai zare, ta wayoyi masu rufi, na 'yan daƙiƙu, sannan a auna a tabbatar ta koma kusan sifili. Wanda bai taɓa riƙe mita ba ya tsaya a canza ƙwai da sitata, ya bar buɗe allo ga mai gyara.

A fara daga mai araha

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wa cok laifi tun kafin a bincika. A fitila mai cok mai nauyi, shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, domin nannaɗaɗɗiyar waya ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Fitilar da kanta takan faɗi ciwonta ga wanda ya kula.

Idan bakunan ƙwan biyu suna ja amma tsakiya ba ta kama ba, sitata ce ta maƙale. A canza ta. Ga ƙwai ɗaya mai wat 36 sitatar da aka rubuta wa S10 ake sa wa, ita kuwa S2 ta ƙananan ƙwai ce da aka jera biyu a kan cok ɗaya, kuma sa ɗaya a gurbin ɗaya kan sa fitila ta ƙi tashi alhali komai lafiya yake. Idan fitilar tana ƙyaftawa, ta kama ta saki, a dubi bakunan ƙwan. In sun yi baƙi, ƙwan ya tsufa. Kada a bar shi yana wannan ƙyaftawa dare da rana, domin kowane yunƙuri yana gasa cok da sitata. Idan ƙwan sabo ne kuma yana ƙyaftawa da yamma kawai, a auna wutar soket. Cok mai nauyi yana shan wahalar tayar da ƙwai idan wuta ta yi rauni sosai, kuma wannan ba ciwon da canza kaya zai warkar ba ne.

Idan shiru ne gaba ɗaya, ko ɗigon haske babu, sai a bi hanyar wutar daki-daki: fulogi, fiyus, agogon kunnawa idan akwai shi, sannan maƙalan da ƙwan ke shiga. A ɗakin da ake ban ruwa waɗannan maƙalai suna tsatsa, kuma sau tari murɗa ƙwan kaɗan ya zauna daidai shi ne dukan gyaran. Daga nan a cire ƙwan, a sa mita a ma'aunin om, a auna tsakanin ƙusoshi biyu na kowane baki. Lafiyayyen baki yana nuna 'yan om kaɗan. Wanda bai nuna komai ba zarensa ya tsinke.

Sai yanzu aka zo kan cok. A cire wayoyinsa biyu a auna tsakaninsu. Na wat 36 mai lafiya yana nuna gomiyoyin om. Idan mita ba ta motsa ba, wayar ciki ta yanke. Idan ta nuna kusan sifili, nannaɗin ya narke ya haɗe, kuma irin wannan shi ne ke cinye sabon ƙwai da zarar an kunna, don haka wanda ya ga ƙwai biyu sun ƙone a jere kada ya sa na uku. Gwaji na ƙarshe shi ne tsakanin kowace waya da gangar jikin ƙarfen. Nan bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta nuna, wuta na zuba a jikin fitilar, kuma wannan cok ɗin ya gama aiki ko da yana kunna ƙwai. Hanci ma ma'auni ne: warin ƙonannen fenti, ko wani baƙin abu kamar kwalta da ya tsatso, sun isa hujja.

Cok mai nauyi ba a gyara shi, canza shi ake yi da mai wat daidai da na ƙwan. Akwai masu sake nannaɗe shi, amma ladan aikin bai kai haɗarin ba, tunda abu ne da zai kwana a kunne a ɗakin da ba kowa. Wanda kuma ya ce zai cire shi ya haɗa ƙwan fulorasan kai-tsaye da wuta don ya ga ko ƙwan na da rai, to ƙwan zai fashe ko ya ƙone nan take.

Cikin allon na zamani

A nan ne gyara ke da riba, idan na'urar mai kyau ce. Bayan an sauke kafasita, a fara da ido. Kafasitar da kanta ya kumbura ko ta zubar da ruwa ta mutu, kuma ita ce kan gaba wajen sa fitila ta riƙa rawa ko ta yi jinkirin kamawa. A canza ta da mai lamba iri ɗaya, wadda bolt ɗinta bai gaza na tsohuwar ba, kuma a zaɓi wadda aka rubuta wa digiri 105 maimakon 85. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, amma a zafin Illela shi ne bambancin gyaran da zai daɗe da wanda za a maimaita. A kula da ƙafar da ke da alamar ragi, don in aka juya ta fashewa take yi.

Sai a juya allon a duba dalma. Zafi da sanyi suna sa ta tsage a zagayen ƙafafun manyan kaya, tsagar da sai an kai allon hasken rana ake ganinta. Fitilar da ke kamawa idan an ɗan buge ta yawanci wannan ne ciwonta, kuma ɗigon sabuwar dalma ya raba gardama.

Idan fiyus ya ƙone, ba a nan gizo ke saƙar ba. Fiyus ba ya mutuwa don kansa. A auna diyod huɗu da ke bakin shigar wuta, sannan taransisto biyu da ke tsakiya, waɗanda a ƙananan cok sau da yawa lambarsu 13003 ce. In ɗaya ta haɗe, a canza su duka biyun tare, a kuma duba ƙananan razisto da ke maƙwabtaka da su. Ɗaure fiyus da zaren waya, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, gayyatar gobara ce kawai. Gwajin farko bayan gyara a yi shi ta hanyar jera ƙwai mai zare na wat 60 ko 100 a kan wayar wuta. Idan ya yi haske ƙwal ya tsaya a haka, akwai sauran haɗewa a ciki, kuma shi ya shanye wutar maimakon sababbin kayan. Idan ya yi ɗan ja kawai, aiki ya yi.

Allon da ya ƙone har ya yi gawayi, ko na'urar da aka cika cikinta da ƙaro ta daskare, ba su cancanci wahala ba.

Direban LED haka ake binsa, sai ƙari ɗaya. Idan za a saya masa madadi, wat kaɗai bai isa ba. A jikinsa akwai yawan miliamfiya da yake fitarwa da iyakar bolt ɗinsa, kuma dole su dace da na tsohon. Wanda ya fi ƙarfi zai ba da haske mai burgewa na 'yan makonni sannan ƙwayoyin su fara mutuwa. Kafin a zargi direban ma a dubi ƙwayoyin: a jere suke, guda ɗaya mai ɗigon baƙi a tsakiya tana iya kashe layin duka. Direbobi masu araha da yawa ba su raba wutar gida da ɓangaren ƙwayoyin ba, saboda haka ba a taɓa allon LED yana kunne.

Manyan fitilun sodiyam masu hasken ruwan lemo, irin na bakin titi, su ne aka daɗe ana amfani da su a gidajen gilashi na Turai, masu wat 400 ko 600. Wanda ya samu na hannu ya san cewa suna da na'urar tayarwa mai harba dubban bolt, don haka ba a sa mita a mazaunin ƙwan. Idan ƙwan yana kamawa ya mutu ya sake kamawa, tsufa ne, ba cok ba. Idan wuta ta ɗan gifta ya ƙi tashi nan take, hucewa yake jira. Amma gaskiyar magana, rataye wat 400 a ɗaki a watan Afrilu a Illela hura murhu ne a kan shuka.

Gyara ko sauyi?

Lissafin a bayyane yake. Ƙwai biyu masu wat 36 da cok masu nauyi suna jan wajen wat 90, tunda kowane cok yana ƙona nasa kason ya mai da shi zafi. A awa 16 wannan ya kusa yunit ɗaya da rabi a kullum. Dogayen LED biyu masu wat 18 a wannan lokacin ba su wuce kashi shida cikin goma na yunit ba. Ga mai batirin sola wannan ne ke raba fitilar da za ta kai asuba da wadda za ta mutu tsakar dare. Ga shi kuma fulorasan na kan hanyar ƙarewa: Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwai kasuwarta tun Agustan 2023, kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan zaiba, har da Nijeriya, sun amince a 2023 a daina ƙera su zuwa 2027. Saboda haka idan sitata ce ko ƙwai, a canza a ci gaba. Idan cok ne ya mutu, kuɗinsa gara a ƙara a sayi LED.

Ko wanne aka zaɓa, cok ko direba a ɗaure shi a kan ƙarfe, nesa da katako da zana da leda, sama da inda ruwa ke fantsama, inda iska ke ratsawa. Jikin fitilar a haɗa shi da wayar ƙasa, layin ɗakin kuma a sa masa na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, wadda ke tsinke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum. A ajiye sitata ɗaya da ƙwai ɗaya na ko-ta-kwana. Idan gyara zai kai gobe, a fitar da tirorin inuwa mai haske da safe kafin rana ta yi zafi, a mayar da su da hantsi.

Tsohon ƙwai kada a fasa shi, kada a bar wa yara su yi takobi da shi, saboda zaibar da ke ciki guba ce. In ya fashe a ɗaki a buɗe ƙofa da taga a fita na ɗan lokaci, sannan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba.

Wajen sa LED a tsohon gida, a karanta zanen da ke jikin kwalinsa. Wani yana aiki da cok mai nauyi a wurinsa, sai dai a sauya sitata da wadda aka haɗo shi da ita. Wani sai an cire cok an kai masa wuta kai-tsaye, kuma a cikin waɗannan akwai mai karɓar wayoyi biyu a baki ɗaya, akwai mai karɓar ɗaya a kowane baki. Idan aka cire cok, a ɗauki alƙalamin da ba ya gogewa a rubuta a jikin gidan fitilar, da Hausa ko da ajami, cewa LED kaɗai ake sa wa, domin wanda zai canza ƙwan baɗi ba lalle ne ya zama wanda ya yi aikin bana ba.